Shin ihun titi yana isa kunnen mai mulkin kama-karya? Fashin baƙi kan masu adawa da yaƙi a Rasha

Ranar 31 ga Maris, 2022, wata matashiya mai zane da kiɗa, Sasha Skochilenko, ta shiga wani babban kanti a birnin Saint Petersburg na Rasha. Ta zare 'yan ƙananan takardun farashi guda biyar daga jikin kanta, ta maƙala wasu a gurbinsu. Girmansu ɗaya da na asali, fasalinsu ɗaya, sai dai a inda ake rubuta kuɗin kaya ita ta rubuta abin da sojojin Rasha ke yi a Yukiren, har da ruwan bama-baman da aka yi wa wata makaranta a Mariupol inda fararen hula suka fake. Wata dattijuwa da ta zo cefane ta karanta, ta kai ƙara. A watan Nuwamba 2023 kotu ta yanke wa Sasha ɗaurin shekara bakwai.

Takarda biyar, shekara bakwai. Wani zai ji wannan labari ya ce ai ga amsa nan, ja da mai bindiga asarar rai ce kawai, yaƙin bai tsaya ko na yini ɗaya ba saboda ita. Gaskiya ya faɗa. Amma akwai tambayar da ta fi damuna: ƙasar da ke da makaman nukiliya da dakaru sama da miliyan, me ya sa za ta tanadi alƙali da mai gabatar da ƙara da shekara ɗaya da rabi na shari'a a kan takardun farashi? Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya fahimci abin da gwamnati take tsoro a jikin waɗannan takardu, ya kama bakin zaren duk maganar zanga-zanga a ƙarƙashin mulkin kama-karya.

Yadda aka rufe bakin titi

Putin ya tura sojoji Yukiren da asubahin 24 ga Fabrairu, 2022. A daren ranar mutane suka fito a gomman garuruwa suna kiran kalmomi biyu na Rashanci masu ma'anar “ba ma son yaƙi”. Ƙungiyar OVD-Info, wadda aikinta shi ne ƙirga waɗanda aka kama saboda siyasa, ta ƙirga sama da 1,700 a ranar farko kaɗai. Kafin tsakiyar Maris adadin ya doshi 15,000, zuwa ƙarshen shekarar kuma ya haura 19,000. Takardar koke da tsohon ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam Lev Ponomarev ya buɗe a intanet ta tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Likitoci, malaman jami'a, 'yan jarida, har da wasu limaman coci, kowane rukuni ya fitar da tasa wasiƙar.

Gwamnati ba ta tsaya cacar baki da su ba. Ranar 4 ga Maris majalisa ta amince da doka, Putin ya sa hannu a ranar: duk wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojoji zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 15. Ita kanta kalmar “yaƙi” ta zama abin tuhuma, sai dai a ce “aikin soji na musamman”. Cikin wannan makon aka kulle gidan rediyon Ekho Moskvy, tashar talabijin ta Dozhd ta dakatar da aiki, aka toshe Facebook. Kafin watan ya fita jaridar Novaya Gazeta ma ta ajiye alƙalami. Abin ya kai a Nizhny Novgorod an kama wata mata tana riƙe da farar takarda wadda babu ko harafi a jikinta, domin kowa ya san abin da za ta rubuta da an bar ta.

Kuma kada a manta, tun kafin a harba harsashin farko an riga an share fage. Alexei Navalny, mutum ɗaya da ke iya kiran dubban jama'a titi a garuruwa da yawa a rana guda, yana kurkuku tun Janairu 2021, an kuma ayyana ƙungiyarsa a matsayin ta masu tsattsauran ra'ayi a watan Yunin shekarar. Ƙungiyar Memorial, wadda ta shafe shekara talatin tana tono ta'asar zamanin Stalin, kotu ta ba da umarnin rushe ta a Disamba 2021, wata biyu kafin yaƙi. Tun 2016 Putin ya kafa rundunar tsaron cikin gida ta Rosgvardiya mai dakaru sama da 300,000, ya ɗora tsohon dogarinsa Viktor Zolotov a kanta, kuma wurin Putin kai tsaye take karɓar umarni. Waɗanda suka fito a Fabrairu sun fito ne babu jagora, babu ƙungiya, babu gidan rediyon da zai ce gobe a haɗu a wuri kaza.

Sai kuma abin da masu son zaman lafiya ba sa son ji: Rashawa da yawa suna goyon bayan yaƙin, ko kuma sun zaɓi su kau da kai. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Levada mai zaman kanta ta sha samun sama da kashi 70 cikin 100 suna cewa suna goyon bayan abin da sojojinsu ke yi. Dole a yi taka-tsantsan da wannan adadi, domin a ƙasar da amsa ɗaya za ta iya kai mutum gidan yari, idan baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa da takarda a hannu, ta ciki na ciki. Amma ko an zaftare masu tsoro, saura suna da yawa. Cibiyar ta kuma sha samun cewa fiye da rabi suna son a zauna teburin sulhu. Mutum ɗaya yana iya riƙe duka biyun: ba ya son a ce ƙasarsa ta sha kashi, ba ya kuma son abin ya iso ƙofar gidansa.

Kafin a ɗora laifin duka a kan kama-karya, a tuna 15 ga Fabrairu, 2003. A ranar miliyoyin mutane suka yi maci a ɗaruruwan biranen duniya suna adawa da mamaye Iraƙi. A Landan kaɗai an ƙiyasta kusan miliyan ɗaya. Ba a murƙushe su ba, amma Tony Blair da George Bush suka yi kunnen uwar shegu, aka fara yaƙi ranar 20 ga Maris. In zaɓaɓɓen shugaba zai iya toshe kunne haka, ina ga wanda ba ya jiran ƙuri'ar kowa?

Abin da sarkin ƙarfi yake ji

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Maganar gaskiya ce, amma tana da sharaɗi. Mai mulkin kama-karya ba shi yake riƙe kulki da hannunsa ba. Akwai ɗan sanda da zai yi duka, akwai alƙali da zai yanke hukunci, akwai direban jirgin ƙasa da zai kai makamai bakin daga, akwai mai karanta labarai da zai karanta abin da aka miƙa masa, akwai uwa da za ta bari a tafi da ɗanta. A kan wuyan waɗannan yake zaune. Hujja ba ta motsa shi, hawaye ma haka, amma yana lissafi dare da rana a kan ko waɗannan mutane za su ci gaba da cewa to. Yawa yana fin ƙarfi ne a ranar da ɗan sandan da aka ce ya yi harbi ya hango ƙanwarsa a cikin taron, ko ya fara tunanin cewa wanda ya ba shi umarnin ba zai kai baɗi ba.

Wasu masana biyu a Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bi diddigin gwagwarmaya 323 tsakanin 1900 da 2006. Sun gano cewa waɗanda aka yi ba da makami ba sun yi nasara kashi 53 cikin 100, masu makami kuma kashi 26. Daga nan ne aka samo adadin da ake yawan ambata, cewa idan kashi 3.5 na al'umma suka fito suka dage, da wuya gwamnati ta tsaya. A Rasha wannan yana nufin kimanin mutum miliyan biyar. Ba a ko kusa ba. Kuma shi kansa adadin ba laya ba ne: a Belarus a 2020 taron da ya cika Minsk ya haura mutum 100,000 mako bayan mako, a ƙasar da ba ta kai miliyan goma ba, amma jami'an tsaro ba su tsage ba, Mosko ta tsaya a bayan Shugaba Lukashenko, yana nan har yau.

Sudan ta ga ɗaya fuskar. A 1964 Janar Ibrahim Abboud yana shekara ta shida a mulki, yaƙin kudanci yana ƙara ruruwa, shi kuma bai san wani magani ba sai ƙarin sojoji. Ɗaliban Jami'ar Khartum suka shirya zaman tattauna matsalar kudu, hukuma ta hana, suka yi duk da haka. Daren 21 ga Oktoba 'yan sanda suka afka musu, aka kashe wani ɗalibi, Ahmad al-Kurashi. Washegari jana'izarsa ta zama kogin mutane. Abin da ya karya Abboud shi ne abin da ya biyo baya: alƙalai, lauyoyi, likitoci, malamai da ma'aikata suka ajiye aiki gaba ɗaya, ƙananan hafsoshi suka fara ja da baya wajen harbin jama'a. Cikin mako guda ya rushe majalisar mulkin soja, a tsakiyar Nuwamba ya sauka. Sai dai akwai ɗaci a ƙarshen labarin. Abboud ya tafi, yaƙin da ya jawo faɗuwarsa bai tafi ba, sai a 1972 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Addis Ababa. Kawar da shugaba aiki ɗaya ne, kashe wutar yaƙi wani aikin ne daban, kuma 'yan Sudan da suka kawar da Umar al-Bashir a Afrilu 2019 suka wayi gari cikin yaƙin janar biyu a Afrilu 2023 sun fi kowa sanin haka.

A Fotugal kuwa masu bindigar ne da kansu suka gaji. Bayan shekara goma sha uku ana yaƙi a Angola, da daɗewa kuma a Mozambik da Gini Bisau, ƙananan hafsoshi suka kifar da gwamnati ranar 25 ga Afrilu, 1974, jama'a suka fito suna soka musu furanni a bakin bindiga. Rasha ma tana da nata: a 1917 matan Petrograd suka fito neman burodi a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin da aka turo suka ƙi harbi suka koma ɓangarensu, cikin kusan mako guda Sarki Nikolas na Biyu ya sauka daga gadon da danginsa suka shekara 300 a kai. Duk ɗan makarantar Rasha ya san wannan tarihi, kuma mazauna Kremlin, fadar mulkin Rasha, sun fi kowa haddace shi.

Ranar da aka taɓa 'ya'yan mutane

A nan ne, a ganina, ainihin darasin Rasha yake, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ranar 21 ga Satumba, 2022, bayan sojojinsa sun sha kashi a yankin Kharkiv, Putin ya ba da umarnin kiran maza 300,000 aikin soja na dole. Wata bakwai ana yaƙin a talabijin, yanzu ya shigo ɗaki.

Waɗanda suka fito a wannan karon ba 'yan bokon Mosko ba ne kaɗai. A Makhachkala, babban birnin Dagestan, yankin Musulmi matalauta da ya riga ya binne 'ya'yansa da yawa, mata ne suka tsaya gaba da gaba da 'yan sanda ranar 25 ga Satumba, suna ihu suna tambayar wa ya kai wa wa hari. An tare hanyoyi. A Yakutsk mata suka kewaye 'yan sanda suna rawar gargajiya. An cinna wa ofisoshin ɗaukar sojoji wuta a wurare da dama, a garin Ust-Ilimsk na Siberiya wani saurayi ya harbi jami'in ɗaukar sojoji. Dubban ɗaruruwan maza kuma suka yi zanga-zanga da ƙafafunsu: layin motoci ya yi kilomita da dama a kan iyakar Jojiya, wasu suka ajiye mota suka hau keke, wasu suka kwarara Kazakhstan da Mongoliya.

Ku dubi yadda martanin ya bambanta. Putin, mutumin da bai taɓa ba masu adawa da yaƙi amsa ba, ranar 29 ga Satumba ya fito ya amsa cewa an yi kurakurai wajen kiran, ya ce a mayar da waɗanda aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba gida. Gwamnoni suka riƙa ba da haƙuri. Ranar 28 ga Oktoba ministan tsaro Sergei Shoigu ya ce an kammala. Shekaru suka biyo baya ana asarar rayuka da yawan gaske, amma Putin ya guji maimaita irin wancan kira na gama-gari. Sai ya koma sayen sojoji. Aka shiga gidajen yari aka kwashi dubun-dubatar fursunoni da alkawarin afuwa. Albashin ɗan kwantiragi ya kai wajen rubul 200,000 a wata, ninki da yawa na abin da ake samu a ƙauyukan Siberiya da Kaukasus. A Yuli 2024 birnin Mosko ya sa tukuicin rubul miliyan 1.9 ga duk wanda ya sa hannu. A ƙarshen shekarar har sojojin Koriya ta Arewa aka shigo da su yankin Kursk.

Wannan duka kuɗi ne masu ciwo, kuma hanya ce mai tsada ta haɗa runduna. Shugaban da ba ya tsoron jama'arsa ba zai bi ta ba, umarni kawai zai bayar. Matan Dagestan ba su tsayar da yaƙi ba, amma sun ja masa layi a ƙasa, kuma ya ga layin. Abin baƙin cikin shi ne yadda ya kewaye shi: ya mayar da mutuwa sana'ar talakawa da fursunoni, domin 'yan birni su ci gaba da zuwa kasuwa kamar babu abin da ke faruwa. Ga mutanen Yukiren da makamai masu linzami ke faɗo wa gidajensu, wannan nasara ba ta ɗauke musu komai ba, kuma ba na son in yi kamar ta ɗauke.

Matan waɗanda aka tafi da su a 2022 sun sake gwadawa. A 2023 suka kafa ƙungiya mai suna Put Domoi, wato hanyar komawa gida. Suna ɗaura farin kallabi, suna kai furanni kabarin sojan da ba a san sunansa ba a jikin katangar Kremlin, buƙatarsu ɗaya: a dawo da mazajenmu. Da wuya a kira matar soja maciyar amana, shi ya sa hukuma ta fi kama 'yan jaridar da suka zo ɗaukar labarinsu fiye da su kansu, ana bin su gida ɗaya bayan ɗaya da gargaɗi. A 2024 aka lanƙaya wa ƙungiyar tambarin 'yan koren ƙasashen waje.

An taɓa yin lokacin da irin wannan murya ta yi aiki a Rasha. A yaƙin farko da Rasha ta yi da 'yan awaren yankin Checheniya, 1994 zuwa 1996, iyaye mata na Kwamitin Uwayen Sojoji sun riƙa tafiya har fagen fama suna karɓo 'ya'yansu. Tashar NTV tana nuna gawarwaki da tankokin da suka ƙone a Grozny. A farkon 1996 gwamnan Nizhny Novgorod, Boris Nemtsov, ya kai wa Shugaba Boris Yeltsin sa hannun mutum miliyan ɗaya na neman a daina. Yeltsin yana fuskantar zaɓe a watan Yuni, farin jininsa ya faɗi ƙasa warwas, sai ga shi yana karɓar jagoran 'yan aware a Kremlin a watan Mayu. A ƙarshen Agusta, bayan mayaƙan Checheniya sun sake ƙwace Grozny, aka sa hannu a yarjejeniyar tsayar da yaƙi a Khasavyurt. Abu uku ne suka haɗu: talabijin mai nuna gaskiya, zaɓen da za a iya faɗi, da shan kashi a fage. Putin ya karanci wannan sarai. A 2001 kamfanin Gazprom, wanda ke hannun gwamnati, ya karɓe NTV, zaɓe ya zama biki, shi kuwa Nemtsov an harbe shi a kan gada dab da Kremlin ranar 27 ga Fabrairu, 2015, yana tsakiyar haɗa rahoto a kan sojojin Rasha a gabashin Yukiren.

Matan Laberiya da ƙofar zauren Akra

Misalin da ya fi kusa da mu yana Afirka ta Yamma. A 2003 matan Laberiya, Kirista da Musulmi tare, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee da Asatu Bah Kenneth, suka sa fararen kaya suka zauna a filin da ke kusa da kasuwar kifi a Monrovia, a hanyar da ayarin shugaban ƙasa Charles Taylor ke bi kullum. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, ba su tashi ba, har Taylor ya yarda ya gana da su a watan Afrilu, ya yi alkawarin zuwa taron sulhu a Gana.

A Akra aka shafe makonni, wakilan ɓangarori suna kwana a otal suna jan ƙafa, ana ruwan harsashi a Monrovia. Wata rana a watan Yuli matan suka zauna a bakin ƙofofin zauren, suka sarƙe hannuwa, suka ce babu mai fita sai an cimma matsaya. Da jami'an tsaro suka zo kama Gbowee, ta kama kayan jikinta za ta tuɓe, abin da a al'adarsu tsinuwa ce babba ga namijin da ya ga tsiraicin uwa ta wannan hanya. Suka ja da baya. Mai shiga tsakani a taron shi ne Janar Abdulsalami Abubakar, kuma bai sa a kore su ba, ya saurare su. Ranar 11 ga Agusta Taylor ya sauka ya taho gudun hijira Kalaba, ranar 18 aka sa hannu a yarjejeniya.

Zai zama rashin adalci ga tarihi a ce matan ne kaɗai suka yi wannan. 'Yan tawayen LURD sun riga sun kewaye Monrovia, kotun musamman ta Saliyo ta bayyana tuhumar Taylor a farkon Yuni, Amurka ta ce ya tafi, sojojin Najeriya sun sauka a farkon Agusta. Tura ta riga ta kai shi bango. Abin da matan suka yi shi ne hana masu bindiga mayar da sulhu wasan yara a daidai lokacin da dama ta samu. Zanga-zanga takan yi irin wannan aiki: ba ita ke tsaga bango ba, amma idan ya tsage, ita ke sa hannu a tsagin ta hana a liƙe.

Mu ma nan mun ga yadda muryar jama'a ke tare yaƙi, ko da yake da zaɓaɓɓiyar gwamnati aka yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Jihohi bakwai na Arewa ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma ga mutumin Illela ko Jibiya ko Maigatari, wanda za a harba a tsallaken iyaka kawunsa ne ko surukinsa. Sanatocin Arewa suka ƙi, Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar lalama, malamai suka hau mumbari, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je Yamai ta gana da Janar Tiani. Maganar yaƙi ta yi ta sanyi har ta mutu. Ta yi aiki ne domin akwai majalisa, akwai zaɓe a gaba, kuma masu cewa a'a su ne mutanen da za a bi ta garuruwansu a kai harin.

Akwai wani haɗari da ya kamata a faɗa. Wani lokaci zanga-zanga ce ke tura mai kama-karya yaƙi. Ranar 30 ga Maris, 1982, ma'aikatan Ajantina suka yi gagarumin gangami a kan gwamnatin soja ta Janar Galtieri. Ranar 2 ga Afrilu ya mamaye tsibiran Falkland, dandalin da aka yi masa ihu ya cika da masu yi masa tafi. Da sojojinsa suka miƙa wuya ga Birtaniya ranar 14 ga Yuni, cikin kwana uku ya rasa kujerarsa. Irin waɗannan shugabanni sun san shan kashi ya fi zanga-zanga saurin kayar da su, shi ya sa janyewa ke yi musu wuya. Kuma matsin da ke kansu ba daga masu son zaman lafiya kaɗai yake zuwa ba. Girgiza mafi girma da Putin ya fuskanta ta zo ne daga Yevgeny Prigozhin, shugaban sojojin haya na Wagner, wanda ya kama hedikwatar soja a Rostov ya nufi Mosko da dakaru a Yuni 2023, kuma ƙorafinsa shi ne ba a iya yaƙin ba. Wata biyu cif bayan haka jirginsa ya faɗo.

To ina amfanin takardun Sasha? Mulkin tsoro yana rayuwa ne a kan kowa ya ɗauka shi kaɗai ne ke da shakka. Maƙwabci yana shiru, abokin aiki yana shiru, sai mutum ya fara zargin hankalinsa. Takarda ɗaya a jikin kanta tana gaya wa mai cefane cewa akwai wani, kuma wannan ne abin da ake ɗaure mutum shekara bakwai a kansa. An ga alamar yawansu a Janairu 2024, lokacin da wani ɗan siyasa da ba a san shi sosai ba, Boris Nadezhdin, yake neman tsayawa takarar shugaban ƙasa a kan a daina yaƙi. Sa hannu ga ɗan takara ba laifi ba ne a doka, sai ga dogayen layuka cikin ƙanƙara a garuruwa da dama, mutane suna ba da suna da lambar fasfo. Ya tara sama da 100,000. Hukumar zaɓe ta ce akwai kurakurai a ciki, ta hana shi tsayawa. A watan Agusta 1968 mutum takwas ne kacal suka zauna a Dandalin Red Square suna adawa da mamaye Chekoslovakiya, ɗaya daga cikinsu da jaririnta a keken turawa, aka kwashe su cikin mintuna, wasu gidan yari, wasu asibitin mahaukata. Tankokin ba su juya ba. Amma da Tarayyar Sobiyet ta fara tsagewa bayan shekara ashirin, a wurin irinsu da irin masanin kimiyya Andrei Sakharov, wanda aka kora zuwa Gorky a 1980 saboda adawa da yaƙin Afganistan, jama'a suka samo harshen da za su yi magana da shi.

Mutum na farko da aka yanke wa ɗaurin shekaru a ƙarƙashin dokar 4 ga Maris shi ne Alexei Gorinov, kansila a wata unguwa ta Mosko, ɗan shekara sittin. A zaman majalisar unguwa ana maganar shirya gasar zanen yara, ya ce ta yaya za a yi gasar zane alhali yara suna mutuwa kullum a Yukiren. A Yuli 2022 aka ba shi shekara bakwai. Ranar yanke hukunci, daga cikin akwatin gilashin da ake tsare wanda ake tuhuma, ya ɗaga takarda da ya rubuta da hannunsa: “Har yanzu kuna buƙatar wannan yaƙin?” Wani jami'i ya matso yana ƙoƙarin kare ta da jikinsa don kada kyamara ta ɗauka. Da aka yi musayar fursunoni ranar 1 ga Agusta, 2024, Sasha Skochilenko ta fita, 'yan adawa Ilya Yashin da Vladimir Kara-Murza sun fita, Gorinov bai shiga jerin ba. A watan Nuwamban shekarar wata kotun soja ta ƙara masa hukuncin shekara uku, a kan hirar da aka naɗa yana yi da wasu fursunoni a asibitin gidan yari.